Katuna Huɗu, Adireshi Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris
Sabar ɗakin gwajin jini, wato babbar kwamfutar da ke riƙe sakamako, ta sake yankewa da hantsi. Minti arba'in marasa lafiya na kan benci suna jiran sakamako, wata tsohuwa har ta kwanta a ƙasa. Katunan sadarwa huɗu ne a jikin sabar, kowanne da wayarsa, ɗaya kaɗai muke amfani da shi. Shugabar asibiti ta ce in haɗe su ƙarƙashin adireshi ɗaya, in waya ɗaya ta mutu sauran su ɗauki kayan. Da baki ai komai mai sauƙi ne.

Talata, 4 ga Maris
Na gama nawa ɓangaren. Saura suwic, akwatin da wayoyin ke shiga, shi kuwa a hannun abokin aikina Dogo yake. Wata biyar ba ma magana, tun da ya ce a taro wai ni na goge bayanan ɗakin magani. Na tura masa saƙo ya saita mini shi. Shiru.

Alhamis, 6 ga Maris
Sanyin ɗakin sabar nan ya shige mini ƙashi. Maigida ya ce na fara tafiya kamar kakarsa.

Juma'a, 7 ga Maris
Na gaji da jira, na cusa wayoyin huɗu a suwic da kaina. Komai ya tsaya cak, har wurin yankar kati. Layi ya kai bakin ƙofa. Dogo ya shigo da gudu, ya zare uku, bai ko dube ni ba.
Shugaba ta kira mu ofis. Ina shirin buɗe baki ya riga ni: "Ranki ya daɗe, laifina ne. Tun Talata ta nema, ban saita mata ba."
Ban san inda zan sa idona ba.

Litinin, 10 ga Maris
Ni da Dogo, kujera biyu, allo ɗaya. Yana karanto lambobin ramukan suwic, ina dubawa. Sau uku yana kuskuren bugawa. Wai mahaifiyarsa ce kwance a ɗakin mata na sama, sati na biyu ke nan. Ita ma sakamako take jira.
Muka zare waya ɗaya don gwaji. Ba abin da ya yanke. Muka zare ta biyu, haka.

Laraba, 12 ga Maris
Har yanzu bai janye maganar taron nan ba, ni ma ban manta ba.
Na dai leƙa sama da azahar. Hanya ce ta biyo da ni. Mahaifiyar Dogo ta riƙe hannuna, ta ce yana yawan zancena a gida. Ban tambayi me yake cewa ba. Na gyara mata matashi.