Motar da Kuka Jira

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan Allah ya yalwata makwancinku, ya sa kuna cikin ni'ima.

Kun san ɗanku. Daga sakandare ban ƙara gaba ba. Na wanke fatu a majemar Challawa har warin ya bi ni masallaci. Na yi dako a Bompai. Na sayi tsohon injin da kowa ya ce na 'yan gwangwan ne, na tashe shi da hannuna, yau ga masana'antar silifa a Sharaɗa. Babu kawun da ya kama mini, babu ubangida. Na gina muku gida a Na'ibawa, na kai ku Makka.

To amma yau kwana talatin da tara ke nan na kasa zama a kujerar ofis. In na zauna sai na miƙe. In zaga wajen inji, in fita bakin get, in dawo. Ma'aikata sun ɗauka aikinsu nake dubawa.

A waccan Talatar, ana idar da sallar asuba, Rabi ƙanwata ta bugo mini waya tana kuka. Ta ce bakinku ya karkace, hannun dama ya ƙi ɗaguwa, za ta tare A Daidaita Sahu ta kai ku asibiti. Na daka mata tsawa. Na ce ba za a cusa uwata a keke ina da mota ba, a jira ni.

Ni kuwa ina Sharaɗa. An kawo wuta bayan kwana uku babu, roba ta narke a cikin inji, in an kashe sai ta daskare. Na ce bari in ga an fitar da wannan zubin. Zubi ɗaya ya zama uku. Sai da hantsi ya yi na iso.

A asibitin kuɗin da na zaɓa da kaina, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarku. Likita ya ce gudan jini ne ya toshe jijiya, kuma yana da allurar da ke narkar da shi, amma tana da sharaɗi: ba a yin ta in an wuce awa uku. Ya ƙara da cewa sukarinku ya hau, masu ciwon sukari kuma jijiyoyinsu sun riga sun yi laushi, allurar na iya sa jini ya ɓalle a ka. Sannan ya tambayi lokacin da abin ya fara.

Rabi ta buɗe baki, na harare ta. Na ce ƙarfe tara. Inna, kunya na ji. Yaya zan gaya wa baƙo cewa uwata ta kwanta tun asuba tana jiran motata? Na karɓi biro na sa hannu a takardar yarda a yi allurar, irin sa hannun nan nawa mai dogon jela.

Bayan allurar kika motsa yatsu, kika kama babban yatsana. Na fita baranda ina bugun waya, ina cewa na ceto ki. Kafin la'asar kika fara dafe kai, sai amai, sai shiru. Hoto na biyu ya nuna jini.

Likitan ya ce ko a kan lokaci aka yi, hakan na faruwa, musamman ga mai sukari. Wataƙila. Na san ajali ba ya jiran mota. Amma ni na san abin da na faɗa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne Rabi. Dangi sun ce ita ta yi sakaci, ta zauna tana kallonki har hantsi. Gwaggo Asabe ba ta amsa gaisuwarta. 'Yar da ta shafe shekara shida tana dama miki kunu ba sukari, tana yi miki allura safe da yamma, ita ake nunawa da baki. Ba ta tona ni ba. In mun haɗu sai ta durƙusa ta ce Yaya ina kwana. Gara ta zage ni.

Kin sha ce mini, Ado, girman kai rawanin tsiya ne. Nakan yi dariya in ce ai nawa na yadi mai tsada ne. Sai ki girgiza kai, ki ƙara mini tuwo.

Gobe sadakar arba'in. Bayan malamai sun shafa fatiha zan miƙe a gaban kowa, har Gwaggo Asabe, in faɗa da bakina. Ban san yadda ake yi ba, Inna, ban taɓa ba. 

Allah ya jiƙan ki, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya haɗa ki da iyayenki a Aljanna. Ki yafe mini, innata.

Duk abin da na yi a duniya na so a san ni na yi shi ni kaɗai. To wannan ma haka ne. A cire sunan Rabi, a rubuta nawa.

Ɗanki,
Ado Mai Silifa, Sharaɗa