Sunan Da Ban Taɓa Kira Ba

Litinin, 5 ga Oktoba, 1998
Na shiga ajin Faransanci na Madam Kone a unguwar Treichville, nan Abijan. Ni, Salamatu mai atamfa, da furfurata, a kan bencin yara! Duk saboda yaron nan, ɗan farina. Ƙarshen wata zai tafi Faransa karatu. Ba ya jin Hausa sai gaisuwa.

Alhamis, 8 ga Oktoba
Hier jiya, demain gobe, autrefois a da. Na rufe shago da wuri, na sha matsi a gbaka, ƙaramar bas ta haya, na dawo da kalma uku. Biyu sun zube a hanya.

Lahadi, 11 ga Oktoba
Abin da ya kai ni ajin, bari in rubuta ko zan samu sauƙi. Ran nan na ji shi da ƙanwarsa Afra'u suna Faransanci a tsakar gida, muryarsa na rawa. Na matsa mata sai da ta fassara: "Wai ba ki taɓa son sa ba, Inna. Ko sunansa ba ki taɓa kira ba."
To ai kunyar ɗan fari ce! Haka uwata ta yi wa yayana a Katsina. Ana yaye nawa ɗan na miƙa shi ga goggonsa a Treichville, kamar yadda ake yi. Can Katsina kowa ya san ma'anar wannan. Nan Abijan wa zai gaya masa? Na ce Afra'u ta yi masa bayani, wai ya ce in faɗa da bakina.

Asabar, 17 ga Oktoba
Yau imparfait, yadda ake faɗin abin da aka saba yi a da. Madam ta ce kowa ya ba da labarin da. Na roƙe ta ta haɗa min nawa: Quand tu étais petit, je venais te regarder. Lokacin da kake ƙarami, nakan zo in dube ka. Gaskiya ne. Nakan laɓe bayan mai alloko, soyayyar ayaba, a ƙofar makarantarsu har ya fito, in koma gida Adjamé ba tare da ya gan ni ba.
Madam ta ce, "Sai ki fara da sunansa." Na sunkuya ina kwafe jimlar a littafina.

Laraba, 21 ga Oktoba
Na gwada jimlar a aji, harshena ya ƙi. 'Yan aji sun yi dariya. Na yi kuka a gbaka, yaron mota ya zaci an yanke min jaka.

Talata, 27 ga Oktoba
Ya zo cin tuwo. Na buɗe baki, na ce ya ƙara miya.

Juma'a, 30 ga Oktoba
Ya tafi. Mun raka shi tashar Gare de Bassam ya hau tasi zuwa filin jirgi. Na kama ƙofar motar na ce, "Quand tu étais petit…" sauran ya gudu daga kaina. Ya jira. Wallahi ya jira. Sannan ya ce, "Ça va, Maman," wato ba komai, Mama, direba ya ja.
Kuɗin aji sun tafi a banza. Ba zan koma ba.
Afra'u ta ce da motar ta kai kwana na ɗaga murya na kira sunansa har masu lemo suka juyo, wai shi ma ya waiwayo. Ni ban gani ba, idona ya cika.
Bilal. Ashe ko a takarda ban taɓa rubuta shi ba.