Man Hanta da Allurar Ranveig

Zuwa ga yayata Oddny,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Sverre da yara. Allah ya ƙara wa gwiwarki sauƙi. Ni ina nan Rotterdam ta ƙasar Holan ina walda a jiragen ruwan mutane, baya na ciwo, amma da sauran numfashi. Na ji an yi wa jikarki baftisma, a bakin maƙwabta kuma na ji. Ba komai, wanda ya yi shekara sha ɗaya a waje ya saba.

Maganar ƙanwarmu Ranveig ce ta sa na ɗauki biro, don a waya katse ni kike yi. Kin san tun da aka gano tana da cutar jijiyoyi ta MS take yi wa kanta allura sau uku a mako, kuma shekara shida ke nan tana tafiya da ƙafarta. Da kaka likita ta auna jininta, ta ce bitamin D ya yi ƙasa sosai, kuma an lura masu ƙarancinsa sun fi nakasa a wannan cuta. Ta rubuta mata ƙwaya ta haɗa da allurar. Mijinta Hilmar yana wurin, rabin maganar ya kwaso ya kawo gida. Tun da kifin skrei ya shigo a Janairu yake dafa mata hantarsa, yana tace man a kwalba irin na kakarsa, cokali uku safe, uku yamma, don ya ji man na ɗauke da bitamin ɗin. Wai da shi aka raini mutanen tsibirinmu na Senja duk tsawon watannin duhu da rana ba ta fitowa, kuma bai taɓa ganin kakanninmu a keken guragu ba.

Na gaya masa na tambayi likitan wurin aikinmu, ya ce har yanzu ba a tantance ba, ko ƙarancin ne ke zaunar da mutum, ko zaman ɗaki ne ke kawo ƙarancin, kuma man hanta in ya yi yawa shi ma cuta ne. Hilmar ya yi dariya, ya kira ni ɗan Holan, ya ce wanda ya bar teku ya koma liƙa ƙarfe ba zai koya masa kifi ba. Na haɗiye.

Abin da na kasa haɗiyewa shi ne abin da na gani da na je gidansu hutun Ista. Na buɗe firji neman madara, sai ga kwalin allurarta a bayan man shanu, ba a ko ɓare shi ba, da kwanan watan da aka karɓo shi a jiki, tun Disamba. Kwana uku na yi, ban ga ta miƙe ba sai ta dafa tebur. Da na tambaye ta, sai da ta dubi fuskar Hilmar kafin ta ce ai na ajiya ne. Shi kuwa ya ɗauki hula ya fice rumfar jirgi. Yaya, ruwa ba ya tsami banza.

Ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ke goya ta zuwa bene, shi ke wanke mata kai, ni da nake surutu ban yi ko ɗaya ba. An ce zato zunubi, shi ya sa nake roƙonki ki hau jirgin fito ranar da ya fita teku, ki zauna da ita ku biyu, ki tambaye ta. Tana da ganin likita ranar sha huɗu ga Mayu, kar ta je ta ce komai lafiya. Abin da cutar nan ta ɗauka ba kasafai take mayarwa ba.

In shi ya hana ta, ki kira likitar a ranar. In kuwa ita ce ta gaji da allura, shi yana rufa mata asiri ne, kar ki yi mata faɗa, ki sanar da ni in nemi hutu in zo. Wannan na fi tsoro. Gara a ce Hilmar ne, don shi na san yadda zan yi faɗa da shi.

Ki gaida Sverre, da ɗanki Eilif da matarsa, da Gwaggo Gunnvor in ta tuna da ni. Ki shafa mini kan jaririyar.

Ƙaninki,
Jentoft