Kunne a Kan Aduwa

Yaya Mansura,

Kin taɓa jin kukan malam-buɗe-littafi? Ni dai ban taɓa ba. Au, salamu alaikum, ya yara, ya Gumel?

Na samu aiki a Gagarawa Tasha. Wata Malama Rahama ta ɗaura na'ura a kan aduwa cikin saurar wani dattijo, Bappa, wai mutane ko'ina suna jin ƙarar wurin a wayarsu kai tsaye. Ta ce ƙwarin nan hamada suke ƙetarowa su yi ƙwai a ciyawar. Nawa aikin in goge sola in kori awaki. In masu sauraro ba su ƙaru ba a watan nan, za a kwance na'urar, Bappa ya yi feshi, ni kuma in dawo gida. To me za su ji? Abin nan ko tari ba ya yi. Ga adireshin da za ki kamo ƙarar a waya a bayan takarda.

Ƙaninki, Zayyad


Zayyad,

Wa alaikumus salam, kowa lafiya. Mun kamo tashar. Ga kurciya, ga iska, sai ga ƙanina yana ce wa ƙwari, "Sannunku da hanya, ya kuka baro mutanen gida?" Yara har da birgima. Wasiƙar soyayyar da kake haɗa wa Ummi da ƙarfi a gindin bishiyar kuwa, ba sai ka aiko ba. Tana zaune kusa da ni.

Allah ya tsare,
Mansura


Yaya,

Salamu alaikum. Wallahi ban san har ni take ɗauka ba! Baƙo ne ya zo daga nesa, ya zan wuce shi ba gaisuwa? Kwana uku ban ce uffan ba, awaki ma da hannu nake korarsu.

Jiya sai ga Malama a babur. Na ce shi ke nan, kora ce. Ta ce, "Wa ya ɗinke maka baki? Daga Damagaram har Turai ana tambayar mai gaisuwa!" Wai mutane sun ninka. Ta sa wa Bappa wayar a kunne, ya saurara, ya ce, "Ashe haka gonata take magana? A bar musu."

Ummi dariya ta yi ko fushi? Ki faɗa min gaskiya.

Bari in tafi, wasu sababbi sun sauka ban gaishe su ba.

Zayyad