Farcen Bature da Nawa

Zuwa ga Mai Duba Gidajen Tsofaffi na yankinmu, in dai akwai shi,

Ranka ya daɗe, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Sunana Yohanna, tsohon leburan reluwe a Kafanchan. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, nan ɗin ma malamai ne suka gaji da ganina suka tura ni, don haka a yi haƙuri da rubutun.

Na ɗaya. Kishi nake yi, kuma da Bature. 'Yata Rifkatu tana aiki a gidan tsofaffi a Ingila. Akwai wani tsoho can da take yi wa wanka, ta ba shi abinci a baki, ta yanke masa farcen ƙafa. Ni da na noma doya na kai ta makaranta, rabon da a taɓa farcena tun rasuwar uwarta, ga shi ba na iya sunkuyawa. Ta nuna mini shi a waya. Ba haƙori ko ɗaya, amma yana ƙyalli kamar sabon kwano. Har ɗaga mini hannu ya yi. Ban ɗaga masa ba.

Na biyu. Ta ce ba kirkinta kaɗai ba ne, doka ce. Masu dubawa kan faɗo musu ba zato, su leƙa kicin da bayi, su keɓe tsoho su tambaye shi ko ana kyautata masa, sannan a manna sakamakon inda kowa zai gani. Ɗan maƙwabcina da ke Jamus ya ce can ma ana dubawa. Ni kuwa wanda ya taɓa jana gefe ya tambayi lafiyata, ƙuri'a yake nema.

Na uku. Gwiwoyina sun ƙi, yara sun watse, sun yanke cewa bayan Kirsimeti za su kai ni wani gidan tsofaffi a hanyar Kagoma. Abokina Bulus yana can. Ranar Lahadin da zumuntar matan coci suka kai ziyara na bi su. Farin zanen gado, ƙamshin sabulu, Bulus har da hoda. Na koma wata Talata ban gaya wa kowa ba. Kununsa ya huce a inda hannunsa ba ya kaiwa, farcensa ya lanƙwashe ya shige nama. Yarinya ɗaya ce ke kula da tsofaffin duka, tana ta gudu, ban ga laifinta ba.

Roƙona, ranka ya daɗe: ka zo, kada ka aiko cewa kana zuwa, kuma kada ka zo ranar Lahadi. Ka bar fenti da fulawar ƙofa, ka ɗaga bargo ka dubi ƙafafu. Ka ja kowane tsoho gefe ka tambaye shi.

Ba na neman a mai da ni Bature. Ya riga ya ɗauke mini 'ya, a bar mini ko dokar tasa.

Allah ya ba ka tsufa a hannun 'ya'yanka. In ka shigo bayan Kirsimeti, ka nemi gadon da ke kusa da na Bulus. Zan fito da ƙafata waje don kada ka sha wahalar nema.

Wassalam.

Yohanna, uban Rifkatu