Gashin da Ke Ƙirjin Jirgi

Zuwa ga Yaya Fusae,

Bayan gaisuwa irin ta ƙani mai ladabi, wanda shekaru arba'in na shirunki ba su rage masa ladabin ba. Ina sanar da ke cewa hukumar gari ta ɗaukaka rumfar jirgin ruwan mahaifinmu zuwa matsayin kayan tarihi, darajar da ni kaina, duk da karatuna, ban samu ba. Ranar da za a janye ruwan korama don a yashe ta, za a kwance jirgin daga turkensa, a ɗora shi a tudu har abada.

Kin san ba a raba jirgi da ruwa da kurwarsa a ciki. Sai macen gida ta cire gashin nan da aka rufe a rami a ƙirjinsa, na marigayiya Inna, wanda shi ne kurwar. Ke kaɗai kika rage.

Naki mai biyayya,
Genzaburo

Gen,

Ina gaisuwa. Har yanzu ba ka iya magana kamar mutane ba?

Inna ba ta taɓa yarda almakashi ya kusanci kanta ba. Gashina ne, Baba ya yanka ina yarinya. Ranar da na ce zan tafi birni aiki ya rantse zai jefa shi a korama, kuma ka san shi da cika rantsuwa. Ramin nan babu komai a ciki. Ku ɗaga jirginku.

Ka huta lafiya,
Fusae

Yaya mai girma,

Gaisuwa mai yawa. Na karɓi gyaran da haƙurin da aka san malamai da shi.

Na je wurin tsohon kafinta Iwakichi. Ya ce, "Kai da littattafanka! Jirgin yarintarku ai ya ruɓe bayan tafiyarta, wannan ni na sassaƙa. Ubanka ya kawo gashin a tafin hannunsa ya ce a mayar. Na ce, ba na wadda ka kora ba ne? Ya ce, sassaƙa na sa ka, ba tambaya ba."

Ashe har Baba ya rasu, da ke yake fita a jirgin kowace safiya.

Naki,
Genzaburo

Gen,

Kada kowa ya taɓa jirgin. Ina nan tafe kafin a janye ruwan. Ka nemo sandar tuƙi, sai na kai shi ƙarshen korama na dawo tukuna.

Yayarka