Fedar Keken Najmuddeen

Jos, 3 ga Fabrairu, 2024

Hamma Modu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Demsawo duka. Yaya jikin Mama Kellumi? Na san ba za ka iya gaya mata na gaishe ta ba, amma dai na gaishe ta.

Ni ne Absalom mai gyaran keke. Shekara tara ke nan ba mu yi magana ba, shi ya sa na rubuta takarda na ba direba, don in na kira waya ba za ka ɗauka ba.

Makon jiya wani ya turo bidiyon tseren 'yan mata da aka yi a hanyar Numan. Yarinyar da ta zo ta biyu, tun kafin a faɗi sunanta na gane ta. Yadda take sunkuyar da kafaɗar hagu in ta zo hawa, haka ubanta yake yi. Da aka ce Adawiyya Najmuddeen sai na ajiye sifana na zauna. Rabona da ita tana shekara shida.

Hamma, da kambas take tsere. Wadda ta wuce ta ba ta fi ta ƙarfi ba, takalmi ta fi ta. Ina da takalman tsere a shagona, ina so in aika mata ɗaya. Amma sai na san irin fedar da ke kekenta. Ka san a ƙasan takalmin akwai abin da muke kira kilit, wanda yake maƙalewa a feda. Na keken titi faffaɗan roba ne mai ƙusa uku. Na keken dutse ɗan ƙaramin ƙarfe ne mai ƙusa biyu. Ɗaya ba ya shiga fedar ɗaya, ko me mutum zai yi. Ka duba mini, ko ka sa ta ɗauki hoto, tare da lambar ƙafarta.

Ba sai an ce daga wurina ya fito ba.

Ubangiji Ya tsare.
Ƙanenka, Absalom

*

Demsawo, Jimeta, 15 ga Fabrairu, 2024

Absalom,

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso. Mama tana nan, idonta ya tafi gaba ɗaya, amma hankalinta garau yake.

Na karanta darasin da ka ba ni na ƙusa uku da ƙusa biyu. Ni za ka koya wa? Babu gidan da ya san wannan karatu a duk Adamawa kamar gidanmu, kuma kai ka koya mana shi.

Ko ka manta ne in tuna maka. Ƙanena Najmuddeen ya zo hutun Babbar Sallah a 2014, ya kai maka kekensa ka gyara kafin ya koma makarantar da yake koyarwa a Mubi. Ka cire fedarsa ka ɗaura a naka keken saboda gwajin tseren da za ku yi, ka maƙala masa tsohuwar fedar keken dutse. Aka ɗora keken a mota bai lura ba. Ranar da 'yan bindiga suka shiga Mubi a kan babura, mutane suna gudu a ƙafa, shi yana da keke, keken da ya taɓa zuwa Gombi da shi ya dawo a yini ɗaya.

Malam Apollos, wanda suke koyarwa tare, shi ya zo ya zauna a tabarmar Mama ya ba mu labari. Silifas ɗin Najmuddeen ya tsinke tun kafin su fita gari. Ya ciro takalmin tsere daga jaka ya sa. Duk takun da ya yi, robar ta zame daga kan ƙarfen, sau biyu yana faɗuwa. Ya cire takalmin ya taka da ƙafa tsirara a kan abin da bai fi kan cokali ba, har tafin ƙafarsa ya tsage. Ya ce wa Apollos, “Malam, yi gaba, bari in ɗaure ƙafar nan da riga, yanzu zan cim maka.” Apollos ya faɗa gonar dawa. Daga cikin dawar ya ji baburan sun tsaya.

Ba mu samu gawa ba. Keken kuwa, wani manomi ne ya kawo mana shi bayan wata biyu.

Yanzu kuma ka ga 'yarsa a waya, ka tuna kana da takalma. Yarinyar nan ban so ta hau keke ba, Mama ce ta ce a bar ta, jinin ubanta ne. Da kambas ɗinta take hawa, kuma kambas bai taɓa kashe kowa ba. Riƙe kayanka. Kada ka sake aiko da takarda gidan nan, yaran suna iya karatu.

Wassalam.
Modu Garbai

*

Jos, 24 ga Fabrairu, 2024

Hamma Modu,

Ina gaisuwa. Wannan karon na ce direba ya kai maka shago, ba gida ba.

Duk abin da ka rubuta haka ne. Na cire fedar. Tawa ce ta karye ana saura kwana kaɗan gwaji, na ce bari in ara, ban tambaye shi ba don mun saba, ni da shi ko riga ba ma tambayar juna. Wannan laifina ne, kuma da shi zan mutu. Amma ka tsaya a tsakiyar labari, Hamma, sai ka ce nan ne ƙarshensa.

Da ya isa Mubi ya kira ni yana dariya. Ya ce, “Kai ɓarawo, ina fedata?” Na ce ya yi haƙuri zuwa Asabar, ranar gwajin. Ya ce, “To in ka zo na ƙarshe da fedata, kada ka dawo mini da ita, ta ƙazantu.” Na zo na huɗu. Ranar Litinin da safe na wanke ta da kananzir, na shafa mata giris, na naɗe a jarida, na sa a baƙar leda, na kawo shagonka na huluna a kasuwar Jimeta, don kai kake aika kaya Mubi duk mako. Kana tare da wasu Fulani biyu masu zaɓen hula. Na ce, “Hamma, saƙon Najmuddeen ne, yana jira.” Ka karɓa da hannun hagu ba ka ko dube ni ba, ka ce, “Yau direba zai tafi.”

Ranar ashirin ga wata ke nan. Mubi ta faɗi ranar ashirin da tara. Kwana tara, motar ta je ta dawo sau biyu.

Ranar da Apollos ya gama magana, ina zaune a bakin ƙofa. Mama ta juyo ta ce, “Absalom, wa ya taɓa keken?” Na ce ni ne. Na buɗe baki zan faɗi sauran, na dube ka, ka sunkuyar da kai kana jan carbi. Sai na yi tunani, matar nan ta rasa ɗa ɗaya yau, in na yi magana ta rasa na biyu. Na haɗiye sauran. Ta ce in tashi mata daga gida, ni da na ci tuwonta tun ina aji uku.

Na ɗauka mako ɗaya za ka yi ka gaya mata. Na jira wata shida kafin na tattara na taho Jos. A wata shidan nan ka san abin da aka riƙa faɗa a unguwa. Ba a ce na yi sakaci ba, cewa aka yi da gangan na yi, don shi Musulmi ne ni Kirista. Mutanen da na gyara wa keke shekara da shekaru suka daina amsa gaisuwata. Aka zuba mini bola a ƙofar shago. Kana ji, kana wucewa ta gabana zuwa masallaci. Mahaifiyata ta rasu a unguwar Bako bara waccan, na zo na binne ta na koma a ranar, kamar wanda ake nema.

Ban rubuta don in tona ka ba, takalmi kawai na so in aika wa yarinya. Amma tun da ka tambaye ni ko na manta, ni ma ina tambaya. Ina ledar nan take?

Absalom

*

Jimeta, 19 ga Maris, 2024

Absalom,

Assalamu alaikum. Na yi kwana ashirin ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Azumi ya kama, na ga ba zan iya kai shi da wannan a bakina ba.

Ledar tana cikin Binuwai. Na tura ta bayan kwalin huluna a ranar, na manta. Da Apollos yake magana na tuna, a daidai lokacin da ka dube ni. Bayan sadakar arba'in na ɗauke ta, ban ko buɗe ba, na je kan gada na sake ta. Ta yi nauyi, ba ta ko yi iyo ba.

Na yi ta cewa gobe zan faɗa. Da na ji abin da ake faɗa a kanka a unguwa, wallahi na ji kunya, amma na ji sauƙi kuma, don duk wanda ya zage ka ya ƙara nisanta maganar daga kaina. Daga baya na maimaita labarin sau da yawa har na fara jin haushinka da gaske. Takardar da na rubuta maka ta farko, da zuciya ɗaya na rubuta ta. Ka ga irin mutumin da na zama.

Yanzu ga abin da nake roƙo, kuma na san ba ni da bakin roƙo. Mama ta haura tamanin. Ni nake ba ta magani, ni nake riƙe hannunta zuwa alwala. Ba ta karɓar kofi daga hannun kowa sai nawa. Kullum bayan sallar asuba tana sa mini albarka, ta ce Allah Ya bar mata na kirkin. In ta ji wannan, ban san daga hannun wa za ta sha ruwa ba. Adawiyya kuma Baba take kirana.

Ka ƙara mini lokaci. Ka ci gaba da zama yadda suke zato har Allah Ya yi wa Mama abin da zai yi. Ranar da aka binne ta zan tara unguwa a ƙofar gida in faɗa da bakina. Takalmin kuma ka aiko, zan ce a kasuwa na saya.

Ka yafe mini in za ka iya.
Yayanka, Modu

*

Jos, 26 ga Maris, 2024

Modu,

Na karanta. Mama ba za ta ji daga bakina ba, ba don kai ba. Ranar da za ka tara unguwa kuma ba sai ka kira ni ba, waɗanda nake so su ji sun riga sun mutu.

Amma yarinyar ban yi maka alkawari a kanta ba. Ta karɓi lambata a wurin kocinsu. Jiya ta turo mini saƙo, layi ɗaya: “Kai ne wanda ya kashe babana?”

Ban amsa ba tukuna. Na ba ka zuwa ranar Sallah.

Absalom